Mafarin Sabon Garin Kano: Kantuna, Majami'u da Gonakin da Suka Ciyar da Shi

Kowane gari da abin da ya kafa shi. Wani rijiya ce ta tara mutanensa, wani kasuwa, wani ribaɗi, wani kuwa malami ne ya sauka da almajiransa, sannu a hankali bukkoki suka zama soraye. A ƙasar Kano sunayen wurare da yawa suna nuna wannan da kansu. Rijiyar Zaki da Rijiyar Lemo sunan ruwa suka ɗauka, Fanisau kuwa an san ta da ribaɗin Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Amma Sabon Garin Kano dabam yake da waɗannan duka, domin shi a kan takarda aka fara zana shi, aka ja layukansa da ma'auni, aka yanka filayensa, tun ba a aza tubali ko ɗaya ba. Wannan takarda za ta bayyana yadda aka kafa shi, da irin cinikin da ya rayar da shi, da yadda majami'u suka tsiro a cikinsa, da kuma abin da ya haɗa shi da ƙauyukan manoma na kewayen birni, irin su Rijiyar Zaki, waɗanda guminsu ne ya cika kantunansa.

Ƙasar da aka tarar

Tun kafin zuwan Turawa Kano ta shahara da abu biyu, watau ciniki da noma. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Sa'ad da Bature Barth ya iso birnin cikin 1851 ya kimanta mazaunansa wajen mutum 30,000, ya kuma yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa, aka rina a Kano suke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Amma birni ba ya ci da kansa. Abin da ya riƙe shi shi ne gonakin da suka kewaye shi, tafiyar yini ɗaya ta kowace fuska, inda mutane suka zauna kusa da kusa, gida na hangen gida, ba a barin gona ta huta ko shekara ɗaya.

Dalilin da ya sa ƙasar ba ta gaji ba shi ne taki. Da rani manomi yakan ɗora wa jakinsa itace ko kara ko hatsi ya kai birni ya sayar, sa'an nan ya cika mangala da toka da juji da kashin dabbobi ya komo da su gona. Yakan shuka gero da dawa da wake a gona guda, ya bar ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo suna tsaye a tsakiyarta, kowace da amfaninta. In an gama kaka, wani ya hau saƙa, wani jima, wani ya shiga fatauci, wani ya tafi cin rani. Masana labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Mortimore da Wilson, sun yi nazarin wannan yanki, suka buga sakamakonsa cikin 1965, suka nuna cewa yawan jama'a bai kashe ƙasar ba, sai ma ya sa aka ƙara kula da ita. Rijiyar Zaki, wadda take yamma da birni a kan hanyar Gwarzo, cikin ƙasar Ungogo, tana cikin wannan yanki. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan a zuciyarsa, domin duk abin da za a faɗa game da kantuna da jirgin ƙasa, a kan bayan waɗannan manoma aka ɗora shi.

Jirgin ƙasa da gyaɗa

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta komowa daga Sakkwato. Gwamna Lugga ya naɗa Muhammadu Abbas, wanda ya riƙe sarauta har 1919. A shekarun farko mulkin bai sāke ciniki ƙwarai ba, domin kaya a kan raƙumi da jaki da kan ɗan adam suke tafiya kamar dā. Abin da ya juya al'amura shi ne hanyar jirgin ƙasa. An faro ta daga Baro a bakin Kwara, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan hanyar jirgi ne, aka ja ta mil 356, ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. Aka kuma haɗa ta da hanyar da ta taso daga Ikko. Kayan da dā sai sun yi watanni a cikin Sahara kafin su ga teku, yanzu kwanaki kaɗan sun isa.

Turawa auduga suka sa rai za su samu. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman audugar da ba ta Amurka ba, aka kafa ƙungiya musamman domin haɓaka nomanta, aka raba iri, aka gina injin gurza a Zariya. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafi. Audugar da yake nomawa masaƙan gida suna saye da tsada fiye da yadda Bature zai biya. Gyaɗa kuwa tana son jigawa irin tasa, ba ta hana shi shuka gero a tsakaninta, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma yunwa ta zo ana iya cinta, auduga kuwa ba a dafa ta. A daidai wannan lokaci masana'antun Turai suka gano hanyar daskarar da man gyaɗa su yi man shafa wa burodi da sabulu, sai kuɗinta ya tashi. Cikin 1913 gyaɗar da ta fita daga Nijeriya ta haura tan 19,000, alhali shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Buhuna suka taru a tashar Kano har jirgi ya kāsa kwashewa.

Akwai kuma abin da ya tura manomi, ban da riba. Gwamnati ta daina karɓar haraji da wuri ko da hatsi, sai da kuɗin Bature, watau sule da sisi da taro da kwabo da anini. A ƙasashen da ke kusa da birni aka shigo da harajin taki, malamai suna auna gona da ƙafa, a yanka wa mai ita abin da zai biya gwargwadon faɗinta. Wanda ke neman sule dole ya noma abin da kanti ke saye. Yunwar 1914 ta nuna haɗarin wannan hali, gama ruwa ya yi ƙaranci cikin daminar 1913, rumbuna suka wofinta, mutane da yawa suka mutu. Duk da haka gyaɗa ba ta koma baya ba, ta zama ita ce uwar cinikin Kano har fiye da shekara hamsin.

Dokar da ta raba mazauni

Jirgin ƙasa ba ya tafiya sai da direba da mai sayar da tikiti da makaniki. Kanti ba ya ci sai da akawu mai iya rubutun boko da lissafin fam da sule. A wannan zamani irin waɗannan ma'aikata ba su samuwa a Arewa, domin makarantar boko ta farko a Kano, wadda Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa, sai cikin 1909 ta soma, ɗalibanta kuwa galibi aikin En'e aka shirya su yi. Saboda haka aka ɗauko ma'aikata daga Ikko da Abekuta da Lakwaja, da Saliyo da Gwalkwas, wadda ake kira Gana yanzu. Da yawansu Kirista ne, sun saba da shari'ar Ingilishi, ba su san alƙali ba.

To, ina za a saukar da su? Lugga ya riga ya yi alkawari a Sakkwato cikin Maris 1903 cewa gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulmi ba. Razdanoni kuma suna tsoron kada waɗannan baƙi masu karanta jarida su koya wa talakawan sarki gardama da hukuma. Sarki shi ma ba ya son mutanen da ba su ƙarƙashin hukuncinsa su zauna cikin ganuwarsa. Buƙatun nan suka haɗu, sai aka yanke shawara a keɓe wa baƙi wuri a bayan ganuwa, arewa maso gabas da birni. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari, tituna miƙaƙƙu suna ratsa juna, filaye daidai wa daida. Turawa suka zauna a Nasarawa da Bompai, aka bar fili na yadi 440 tsakaninsu da kowane mazaunin baƙar fata, wai domin tsaron lafiya daga sauro. Kwarori aka ba su Fagge ta Kudu. Fagge kanta tsohuwa ce, zangon fatake ce tun zamanin dā. Daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa suka karɓi tsofaffin sojoji da leburori 'yan Arewa. Duk waɗannan aka tara su da suna ɗaya, Waje.

Dokar garuruwa ta 1917 ta sa Sabon Gari ƙarƙashin Joji, ba ƙarƙashin Sarki ba, aka ci gaba a haka har 1940, sa'ad da aka mai da shi hannun En'e ta Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, Wakilin Waje yana lura da shi. Amma kada a ɗauka cewa dokar rabuwa ta yi aiki yadda aka rubuta ta. Tun shekarun farko Hausawa da Nufawa da yawa sun zauna a Sabon Gari, wasu 'yan dako, wasu mahauta, wasu masu gidajen haya. An kafa wa garin kotun gamayya, inda wakilan kabilu suke zama tare su yi hukunci. Sunayen titunan ma tarihi ne ga mai lura: akwai titin Yarbawa, da na Ibo, da na Gwalkwas, da na Abekuta, da na Wari, da na Inugu. Wanda bai sani ba zai zaci titin France sunan ƙasar Faransa ne, alhali sunan wani shugaban Sabon Gari ne na zamanin Turawa, haka kuma titin Ballat Hughes.

Kantuna da kasuwa

Cinikin gyaɗa hawa-hawa ne, kamar tsani. A can sama akwai manyan kamfanonin Turawa: Kamfanin Neja, da John Holt, da G. B. Ollivant, da Paterson Zochonis, da kamfanin Faransawa na CFAO. Cikin 1929 Kamfanin Neja ya haɗu da wani babban kamfani aka sami UAC, wanda ya fi kowa ƙarfi. Waɗannan su ke da kuɗi, da rumbunan ajiya kusa da tasha, da jiragen ruwa a Ikko. Amma Bature bai san hanyar ƙauye ba, bai san wanda za a ba bashi ya biya ba. Sai ya nemi attajiran Kano, waɗanda suka gāji fataucin goro zuwa Gwanja, suna da yara da masu masauki a kowace kasuwa. Cikinsu akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, da kuma Alhasan Ɗantata, Ba'agale, wanda aka haifa a Bebeji cikin 1877, ya rasu cikin 1955 yana attajirin da ba a san kamarsa ba a Afirka ta Yamma. Kamfani ya ba attajiri kuɗi, attajiri ya raba wa yaransa, yaran su bi ƙauyuka da sikeli da buhu, wani lokaci su ba manomi bashi tun da damina a kan gyaɗar da ba a tona ba. Kwarori kuma suka shiga tsakani, suna sayen gyaɗa, suna sayar da yadi, har unguwarsu ta zama Kantin Kwari da aka sani yau.

Mutumin Sabon Gari a tsakiyar tsanin nan yake. Shi ne akawun da ke rubuta nauyin buhu, shi ne mai kula da sito, shi ne direban lori. In ya tara ɗan abin hannu sai ya bar aikin kamfani ya buɗe nasa shago. Yarbawa suka shahara da ɗinki da keke, da ɗaukar hoto, da gyaran keke da agogo, da buga takardu, matansu kuwa da cinikin atamfa da tasoshi. Ibo sun yi yawa daga baya, bayan da hanyar jirgi ta gabas, wadda ta taso daga Fatakwal, ta haɗu da ta Arewa cikin 1927, aka kuma gama gadar Makurɗi cikin 1932. Su suka riƙe cinikin kayan mota da kayan gini da magunguna, suna ɗauko yaro daga garinsu ya yi shekaru yana koyo, sa'an nan ubangidansa ya sallame shi da jari.

Kasuwar Sabon Gari, wadda aka kafa tun shekarun farko domin baƙi su sami irin abincinsu, ita ce mahaɗar kowa. Jirgi ya kawo manja da garin rogo da doya da goro daga Kurmi, ya koma da shanu da wake da albasa da busasshen kifi da fata. Manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji, da abin da ya rage sai ya sayi kananzir da ashana da gishiri da sabulu da turmin atamfa na uwargida, in shekara ta yi kyau har da keke. Ta haka sulen da ya fito daga kanti da safe yakan koma kanti kafin la'asar. Sannu a hankali kasuwar ta kere Kurmi wajen kayan zamani. An sāke gina ta zamanin Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983, sunansa kuma take ɗauke da shi. Gobarar Maris 2016 ta cinye dubban shagunanta, aka sāke gini.

Majami'u

Mutane da yawa suna zaton 'yan mishan ne suka kawo majami'u Sabon Gari. Tarihi bai nuna haka ba. Gaskiya ne cikin 1900 wata ƙungiya ta CMS, Bishop Tugwell yana jagora, Likita Mila yana cikinta, ta iso Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Mila ya sami wurin zama cikin birnin Zariya cikin 1905, daga baya aikinsa ya ƙaura Wusasa cikin 1929. A Kano kuwa gwamnatin Turawa da kanta ta hana masu wa'azin Kirista shiga birni shekara da shekaru, saboda alkawarin da aka ambata.

Majami'un Sabon Gari masu ibada ne suka kafa su. Akawu da kafinta da ma'aikacin jirgi, da suka ga Lahadi ta zo ba wurin sujada, sai suka fara taruwa a ɗakin ɗayansu, suka yi karo-karo suka kafa rumfa, rumfa ta zama ginin ƙasa da rufin kwano, sa'an nan suka aika gida a turo musu malami. Haka majami'ar Holy Trinity ta Angalika ta samu, haka ta Baftis, wadda Yarbawa, musamman mutanen Ogbomosho, suka riƙe, haka ta Methodist. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA suka bi mabiyansu, suka gina St. Elizabeth, daga baya kuma Our Lady of Fatima, wadda ta zama babbar majami'arsu. Turawa suna da tasu, St. George, can wajen Bompai. Da Ibo suka yi yawa sai harshe ya raba jama'a, ana sujada da Yarbanci a nan, da Ibo a can. Majami'un da 'yan Afirka suka kafa da kansu, irin su Kerubim da Serafim masu fararen riguna, su ma suka sami wurinsu.

Majami'a a wurin baƙo ta wuce ɗakin sujada. Nan sabon zuwa yake cigiyar ɗan garinsu, nan ake sama masa masauki da aiki, nan ake yin adashi, in ya mutu nan ake tara kuɗin jana'izarsa. Mafi girma duka, kowace majami'a takan buɗe makaranta a gefenta. Matan zuhudu na St. Louis sun iso Kano cikin 1948 suka kama koyar da 'yan mata, ƙungiyar Ibo ita ma ta gina tata makaranta da kuɗin 'ya'yanta. Kada kuma a manta Sabon Gari bai taɓa zama garin Kirista kaɗai ba. Yarbawa Musulmi sun gina masallatansu, ƙungiyar Ansaruddini da ta Ahmadiyya suka buɗe makarantun da ke haɗa karatun addini da na boko. Amma sakamakon duka shi ne yaron Sabon Gari ya sami boko shekaru da yawa kafin yaron ƙauye, wanda makarantar allo ce gatansa, makarantun En'e kuwa kaɗan ne. Wannan rata ita ce ta zama tushen gaba daga baya, sa'ad da aka zo rabon aikin gwamnati.

Abin da ya isa karkara

Majami'ar Sabon Gari ba ta fita ƙauye ba, domin ba da Hausa take magana ba, ba kuma manomi take nema ba. Waɗanda suka nufi Hausawa su ne 'yan mishan na SIM, ƙungiyar da Gowans da Kent da Bingham suka faro cikin 1893. An gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa cikin 1932, SIM kuma ta sami izinin zama a Kano cikin 1933, a bayan ganuwa. Ƙofar da aka buɗe musu ta magani ce. Cikin 1937 aka danƙa musu kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, da haɗin kan En'e, aka sami mazaunin Yadakunya a ƙasar Ungogo, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Cikin 1943 suka buɗe asibitin ido na Kano, wanda mutane suke zuwa har daga Nijar da Chadi. Suka kafa makaranta a Roni, da ta koyon Littafi a Tofa. Majami'un da suka fito daga aikinsu suka haɗu cikin 1954 da sunan ECWA.

Yawancin waɗanda suka je Yadakunya ko asibitin ido sun karɓi magani sun koma gida da addininsu. Inda wa'azin ya kama sosai shi ne tsakanin Maguzawa, da wasu daga cikin marasa lafiya da marayun da suka girma a hannun mishan. Ta haka ƙasar Kano ta sami Kirista iri biyu, waɗanda asalinsu bai haɗu ba: baƙi 'yan Kudu a Waje, da Hausawa 'yan ƙasa a wasu ƙauyuka. Wanda ya haɗa su a ƙarƙashin kalmar "baƙi" ya yi kuskure, gama na biyun kakanninsu a nan aka binne su. Yau Rijiyar Zaki da Yadakunya da Fanisau duk mazaɓu ne na ƙaramar hukuma ɗaya, watau Ungogo.

Ribar zama da hasararsa

Garin da ke wajen idon sarki yakan zama mafakar mai sabon ra'ayi. A Sabon Gari aka fi samun jaridun Ikko, da gidajen rawa, da ɗakunan taro. A nan ne, ran 8 ga Agusta 1950, samari takwas suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, Malam Aminu Kano kuma ya zama jagoranta daga baya. Abin da razdanoni suka ji tsoro tun 1913 ya auku, sai dai ba baƙi ne suka yi shi ba, 'ya'yan ƙasa ne.

Amma rabuwar mazauni tana da mugun gado. Mutanen da suke haɗuwa a kasuwa kullum, ba su kwana unguwa ɗaya, 'ya'yansu ba su zama aji ɗaya, kowa yana jin labarin ɗan'uwansa daga nesa. Cikin Mayu 1953, bayan saɓanin da aka yi a majalisar Ikko a kan lokacin neman mulkin kai, Akintola ya shirya zuwa Kano da tawagar jam'iyyarsa, faɗa ya tashi tsakanin Sabon Gari da Fagge da birni, aka yi kwana huɗu, hukuma ta ƙidaya mutum 36 da suka mutu. Cikin 1966, a watan Mayu da kuma ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, aka kashe Ibo masu yawa, sauran suka gudu, shaguna da majami'u suka zama kango. Bayan yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970 da yawansu suka komo, suka karɓi gidajensu, suka sāke buɗe ciniki. An sāke samun tarzoma cikin 1982 da 1991. Kowane karo, in ƙura ta lafa, mai manja yakan nemi mai wake, domin ɗaya ba ya ci sai da ɗaya.

Birni ya cim ma gona

Gyaɗar da ta gina Sabon Gari ta ƙare aikinta. Fari na 1972 da 1973 ya raunana ta, cutar da ta faɗa mata cikin 1975 ta ƙarasa, man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Dalar gyaɗa ta ɓace daga filayen Kano, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona cikin 1986. Manyan kamfanonin Turawa sun riga sun janye daga ƙananan ciniki, dokar mai da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta ƙara tura su. Majami'un da aka fara a ɗakin akawu sun zama manya, Angalika ta sami bishop nata na Kano cikin 1980, Katolika cikin 1999 ta sami cikakkiyar dayosis.

A can yamma kuwa birni ya fasa ganuwa ya bi hanyar Gwarzo. Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama jami'a cikin 1977, aka gina mata sabon mazauni a wannan hanya, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka bi ta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna. Gonakin Rijiyar Zaki, waɗanda jakuna suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai wa taki, aka yanka su fuloti-fuloti, shaguna suka jeru a bakin titi, jikan manomi ya zama mai tireda ko magini ko ɗan acaɓa, daga baya direban a-daidaita-sahu. Wanda ya sayar da gonar gado ya karɓi kuɗi sau ɗaya, ya rabu da abin da ke ciyar da gidansa kowace shekara.

Bambancin garuruwan biyu a fili yake. Sabon Gari hukuma ta zana shi kafin mutane su zo, ta ba shi tituna miƙaƙƙu, amma ta raba shi da maƙwabtansa. Sababbin unguwannin bayan gari mutane ne suka riga hukuma isa, ba wanda ya tambayi mai sayen fili daga ina ya fito, amma sau da yawa ba a bar wurin magudanar ruwa ko makaranta ko kasuwa ba. Tarihin Sabon Gari ya samu rubutuwa domin Joji yana da fayil, majami'a tana da littafin baftisma, kamfani yana da littafin lissafi. Tarihin ƙauyukan da suka noma gyaɗar kuwa yana bakin dattawa da masu unguwanni, waɗanda suka san iyakar kowace gona, da wanda ya haƙa kowace rijiya, da shekarar da sikeli ya fara sauka a gindin tsamiya. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa shi ne su je su ɗauko wannan daga bakinsu su rubuta, tun dattawan suna da rai, tun kuma siminti bai rufe sauran kunyoyin ba.